Shin Tsayi, Takalmi ko Yatsu Na Nuna Girman Mazakuta?

"Assalamu alaikum Likita. Ni matashi ne ɗan shekara 27 daga Gombe, an sa ranar aurena bayan Babbar Sallah. Gajere ne ni, takalmina lamba 39, yatsuna ma gajeru. A majalisarmu kullum ana tsokanata wai daga ƙafa da yatsu ake gane namiji, wani ma ya ce hanci ne. Tun ina ɗaukar abin wasa har ya fara hana ni barci. Kuma tun da na yi ƙiba nake ganin kamar gabana ya ƙanƙance, wani mai magani ya ce basir ne ke cinye shi. Don Allah akwai gaskiya a waɗannan maganganu? A sakaya sunana."

Wa alaikumus salam, ango. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Tambayarka biyu ce a dunƙule: ko za a iya duban tsayin mutum, ƙafarsa, yatsunsa ko hancinsa a gane girman mazakutarsa, da kuma dalilin da ya sa kake ganin taka ta ragu bayan ka yi jiki. Amsar ta farko a'a ce. Likitoci sun bi waɗannan gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya da rula, abin da suka samu bai kai a dubi mutum sanye da riga a yanke masa hukunci ba. Ta biyun kuwa idonka bai yi ƙarya ba, sai dai mai laifin ba basir ba ne, teɓa ce.

Awon da ake magana a kansa

Kafin a ce wannan babba ne wancan ƙarami, sai an san inda yawancin maza suka tsaya. Wani babban bincike da muke dogara da shi ya fito a 2015, wanda Dakta David Veale da abokan aikinsa suka yi a Landan. Sun tattara awon maza 15,521 daga ƙasashe daban-daban, kuma sun ɗauki awon da ma'aikatan lafiya suka yi da hannunsu ne kawai. Wanda mutum ya auna kansa ya kawo rahoto sun ajiye shi gefe, don kowa ya san namiji in aka ba shi rula a wannan wurin sai ya ɗan yi wa kansa gyara. Matsakaicin tsayi a kwance ya kama santimita 9.16, a miƙe santimita 13.12, wato inci 5 da ɗan ɗoriya. Kauri, in an zagaya da tef, santimita 9.31 a kwance, 11.66 a miƙe. A cikin maza 100, kusan 90 suna tsakanin santimita 10 da 16 a miƙe. Wanda ya haura 16 bai wuce biyar cikin ɗari ba, duk da cewa a hirar majalisa sai ka rantse kowa can yake.

A asibiti ba ma jiran miƙewa. Ana kama kan mazakutar a kwance, a ja ta a hankali har inda ta tsaya ba tare da ciwo ba, a ɗora rula ta sama, gindin rular ya danna kitsen mara har ya taɓo ƙashi, sannan a karanta a ƙarshen kan mazakutar. Wannan awo na ja shi ne mafi kusa da tsayin miƙewa. A binciken da na ambata matsakaicinsa 13.24 ne, ka ga kusan ɗaya suke. Kuskuren da aka fi yi a gida uku ne: aunawa ta ƙasa ko ta gefe, amfani da tef ɗin tela mai lanƙwasa a wurin tsayi, da ƙin danna kitsen mara. Tef na kauri ne, a zagaya a tsakiya. Sannan a yi awon a ɗaki mai ɗumi.

Tsayin da ake gani a kwance shi ne ya fi yaudarar mutane, domin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Sanyi, tsoro, gajiya da wanka da ruwan randa duk suna sa jijiyoyin wurin su tsuke. Wanda ya dubi kansa da asubahin hunturu a Gombe, ya sake dubawa da rana a watan Afrilu, zai ɗauka mutum biyu ne. Wani tasa ƙarama ce a kwance amma ta kusa ninkawa in ta miƙe, wani doguwa ce a kwance amma ƙarin da take yi kaɗan ne. Saboda haka abin da yara ke hango wa juna a rafi ko a bayin makarantar kwana ba ya faɗin komai. Wannan tsukewar ta tsoro ce ma ke bayan yawancin ihun shafi mulera: mutum ya firgita a kasuwa, ya taɓa ya ji abu ya noƙe, a rufe wani bawan Allah da duka, a je asibiti a tarar komai na nan.

Gaɓa da gaɓa: me aka samu

Masu bincike na da ma'aunin alaƙa tsakanin abu biyu, daga 0 zuwa 1. Sifili na nufin babu ruwan wannan da wancan, 1 na nufin in ka san ɗaya ka san ɗayan tabbas. A duk gaɓoɓin jiki, tsayin mutum ne kaɗai ya riƙa nuna alaƙa a bincike da yawa, ita ma tsakanin 0.2 da 0.6, akasari can ƙasa-ƙasa. Ga ma'anar wannan a aikace. In alaƙa ta kama 0.3, tsayi na bayanin kashi 9 cikin ɗari ne kacal na bambancin da ke tsakanin maza, sauran kashi 91 daga wani wuri suke. In ka tara dogaye dubu a gefe guda, gajeru dubu a ɗaya gefen, matsakaicin dogayen zai ɗan ɗara. Amma in ka zaro mutum ɗaya daga nan, ɗaya daga can, ba abin mamaki ba ne ko kaɗan gajeren ya fi. Kai kuma mutum ɗaya ne, ba dubu ba.

Maganar takalmi an gwada ta kai tsaye. A 2002 wasu likitocin mafitsara biyu a Landan, Shah da Christopher, suka auna maza 104 suka rubuta lambar takalmin kowa, ba su sami wata alaƙa ba. Kafin su, a 1993, an auna maza 63 a Kanada, aka ga ɗan abu kaɗan tsakanin tsayin ƙafa da na mazakuta, amma su kansu masu binciken sun ce raunin alaƙar ya sa ba ta da amfani wajen hasashe. Ɗan abin da aka gani ɗin ma ba ya rasa nasaba da cewa dogon mutum shi ke da doguwar ƙafa. Lamba 39 ɗinka labarin ƙafarka take bayarwa, shi ke nan.

Yatsu sun fi ban sha'awa, don a nan akwai dalili na halitta. A 2011 an auna maza 144 a Koriya ta Kudu suna cikin barcin tiyata. Ba tsayin yatsu aka duba ba, an kwatanta manuniya ne da yatsan da ke kusa da ƙaramin, wanda ake sa wa zobe. Aka ga waɗanda manuniyarsu ta fi gajarta in an gwada da na zoben sun ɗan fi tsayi a awon ja. Ana danganta hakan da yawan sinadarin maza, testosteron, da jariri ya samu yana ciki, domin shi ke taɓa yatsun da al'aurar a lokaci guda. To amma bambancin yatsun na 'yan milimita ne, da na'urar awo ake gane shi, ba da ido a wurin gaisawa ba. Kuma alaƙar mai rauni ce, a cikin jama'ar ƙasa ɗaya. Gajartar yatsu gaba ɗaya, irin wadda abokanka ke nufi, ba ita aka auna ba ma.

Hanci kuwa, abin da ya tayar da zancen bincike ne da aka wallafa a Japan a 2021 a kan gawarwakin maza 126, inda aka ga masu dogon hanci sun fi a awon ja. Ni ban ɗora masa nauyi ba. Gawa ba ta janyuwa kamar mai rai, mutanen kaɗan ne, kuma duk 'yan ƙasa ɗaya ne masu ƙirar hanci iri ɗaya. Ba za a ɗauko wannan a auna Bafulatanin Dukku da Batangalen Billiri da shi ba.

A nan gida ma an gwada. A ƙasar Ibo akwai camfin cewa ɗan siririn mutum mai shafaffen ɗuwawu shi ne mai tsayi. Likitoci a Nnewi suka auna maza 115, suka wallafa a 2006. Matsakaicin awon ja ya fito santimita 13.37, kusan daidai da na sauran duniya. Ba su ga alaƙa da ƙirar jiki ba, ɗan abin da suka gani game da faɗin ƙugu kuma ya saɓa wa camfin ne, shi ma mai rauni. Abin lura a nan shi ne kowace al'umma da gaɓar da ta zaɓa: can ɗuwawu, nan ƙafa da hanci, Turawa takalmi. Da akwai wadda ke aiki da tuni an haɗu a kanta. Zancen ƙabila ma haka yake. Masu babban binciken nan na 2015 sun ce bayanan da ke hannunsu ba su isa a ce wani jinsi ya fi wani ba.

Me ya sa jiki bai tafi tare ba

Gaskiya ne cewa ƙwayoyin gado masu tsara yatsun hannu da na ƙafa suna da hannu a tsara al'aura tun ana ciki, har akwai wata cuta ta gado da ba a cika gani ba wadda ke taɓa hannu, ƙafa da al'aura tare. Amma tsarawa daban, girma daban. Ƙashi na bin sinadarin girma, abinci, da tsayin iyaye. Mazakuta babu ƙashi a cikinta, tsoka ce mai ramuka da jini ke cikawa, kuma girmanta na bin testosteron ne da yadda naman wurin ke karɓarsa, a lokuta uku: tsakanin mako na 8 da na 14 na ciki inda ake aza tubalin, sai 'yan watannin farko bayan haihuwa, sai balaga. Da balaga ta kammala, wajen shekara 18 zuwa 20, an rufe wannan babin. Shi ya sa allurar testosteron ba ta ƙara wa baligi ko santimita ɗaya. Abin da take yi shi ne ta sa 'ya'yan maraina su daina aiki, su motse, maniyyi ya rasa ƙwayoyin haihuwa. Ga mai shirin aure wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Akwai ma inda tsayi ke nuna akasin abin da majalisa ke zato. Yaron da jikinsa bai samar da isasshen testosteron ba lokacin balaga, ƙasusuwansa ba sa rufewa da wuri, sai ya yi ta tsayi, hannuwa da ƙafafu zalo-zalo, gemu babu, al'aura kuma ba ta girma ba. Masu cutar Klinefelter, wadda ke samun kusan namiji ɗaya cikin 600, yawanci dogaye ne masu ƙananan 'ya'yan maraina masu tauri.

Teɓa, ba basir ba

Awon jiki ɗaya da ke sauya abin da ido ke gani shi ne faɗin ciki. Gindin mazakuta a manne yake da ƙashin mara, kitse kuma a kan wannan ƙashin yake taruwa. Kamar turke ne da aka tara wa ƙasa a gindi: turken bai ragu ba, abin da ya fito waje ne ya ragu. Mai ƙiba sosai na iya ɓoye santimita biyu, uku ko fiye a cikin kitsen. Ga shi kuma kana kallo daga sama, tumbi ya tare rabi, ragowar kana hangen ta a tsaye daga kai, dole ta yi maka gajarta. Tsaya a gefe gaban madubi za ka ga bambanci.

Gwajin mai sauƙi ne. Yi awo biyu a lokaci ɗaya, na farko rular na taɓa fata kawai, na biyu ka danna har ƙashi. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne kaurin kitsenka, shi ne kuma abin da za ka iya dawo da shi. Sai ka zagaya cikinka da tef daidai cibiya. In kewayen cikin ya wuce rabin tsayinka, misali kana santimita 160 cikin ya haura 80, kitsen ya yi yawa. Illar ba ta tsaya a gani ba. Kitse na juya wani ɓangare na testosteron ya koma sinadarin mata, yana kuma jawo ciwon suga da hawan jini, su kuma suna lalata ƙananan hanyoyin jinin da miƙewa ta dogara a kansu. Mazakutar da ba ta cika da jini sosai ba dole ta fi gajarta da laushi. Rage lemon kwalba da shayi mai sukari cokali huɗu, rage malmalar tuwon dare, tafiya da sauri minti 30 a yawancin ranakun mako, da barin sigari da shisha, sun fi duk wani ƙullin magani aiki a wannan fanni.

Basir kumburin jijiyoyin jini ne a dubura. Yana sa ciwo, ƙaiƙayi da zubar jini, in jinin ya yi yawa ya sa kasala, amma ba shi da hanyar da zai bi ya ci tsayin mazakuta. An haɗa su ne saboda kusan kowa ya taɓa fama da ɗaya yana kuma fargabar ɗayan, to mai lasifika a bakin tasha ya sami kasuwa biyu a kwalba guda. Abubuwan da ke rage tsayi da gaske sanannu ne: tabon da ke fitowa a cikin mazakuta ya lanƙwasa ta, tiyatar cire ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsara saboda daji, daɗewa babu cikakkiyar miƙewa, da miƙewar da ta ƙi kwanciya. Wannan ta ƙarshen a yankinmu an fi ganinta ga masu sikila da waɗanda suka sha maganin ƙarfin maza barkatai. In ta kai awa huɗu, asibiti ake nufa ko da tsakar dare ne, domin jinin da ya maƙale na kashe naman wurin, ya bar tabon da ba ya gyaruwa.

Babu ƙwaya, garin magani, man shafawa ko tsimi da aka tabbatar yana ƙara tsayi. Da yawa daga cikin na kwalba da ake cewa zallar itace ne, in an gwada sai a tarar an zuba musu sinadarin sildenafil, wanda ke cikin Viagra, ba tare da awo ba. Mutum ya sha ya ga miƙewa ta yi ƙarfi ya ɗauka girma ya ƙaru. Ga mai ciwon zuciya da ke shan maganin ciwon ƙirji, wannan haɗin na iya faɗar da jini warwas. Mafi muni su ne masu yin allurar man shafawa ko wani mai a ƙarƙashin fata don kauri. Watanni kaɗan wurin ke yin ƙulalai masu tauri, ya ruɓe, a ƙarshe sai an feɗe fatar an yi dashe.

Inda girma ke da magana

In akwai awon da likita ke damuwa da shi a wannan wurin, na 'ya'yan maraina ne, abin da majalisa ba ta taɓa tattaunawa. Yawancin naman ɗan maraina masana'antar ƙwayoyin haihuwa ce, saboda haka girmansa na tafiya da yawan abin da yake samarwa. Na baligi na kamawa daga mililita 15 zuwa 25 kowanne, tsayinsa wajen santimita 4 zuwa 5. Muna aunawa da wani abu mai kama da carbi, ƙwayoyinsa daga ƙarami zuwa babba, a kwatanta. Ɗaya ya ɗan fi ɗaya, ko na hagu ya fi sauka ƙasa, duk daidai ne. Tsayin mazakuta kuwa ba shi ke kawo haihuwa ba.

Ƙanƙantar da likitanci ya yarda cuta ce ita ce wadda awon ja na baligi bai kai wajen santimita 7.5 ba, ko na jaririn da ya cika wata tara bai kai santimita 2 ba. Ba kasafai ake ganinta ba. A Italiya an taɓa auna maza 67 da suka je asibiti da kukan ƙanƙanta, ba a sami ko ɗaya mai ita ba, kuma abin da muke gani a ɗakin duba marasa lafiya ke nan: mai kukan na cikin sahun jama'a, kwatancen da yake yi ne ya karkace, sau da yawa saboda finafinan batsa, inda ake zaɓo mutanen da ba a cika samu ba a kuma ƙara da dabarar kyamara. Wani babban bincike a Amurka a 2006, mai mutum sama da 52,000, ya nuna kashi 85 na mata sun gamsu da girman mazajensu, alhali kashi 55 ne kawai na mazan suka gamsu da nasu. Zurfin gaban mace a hutu bai wuce santimita 7 zuwa 10 ba, yana buɗewa gwargwadon buƙata, kuma jijiyoyin jin daɗi sun fi yawa a waje da bakin shiga. Abin da ya fi kawo ango asibiti a makonnin farko fargaba ce, wadda ke hana miƙewa ko ta sa saurin kawowa, kuma irin tunanin da ke hana ka barci yanzu shi ke haifar da ita.

Ga iyaye masu karanta wannan: jaririn da aka ga tasa ƙarama ce ƙwarai, ko ƙofar fitsarin na ƙasa ba a kai ba, ko ba a jin ɗan maraina ɗaya a jakarsa, a kai shi asibiti kafin a kira wanzami. Fatar kaciyar da ita ake gyaran ƙofar fitsari, kuma ƙanƙanta ta gaskiya na jin magani a ƙuruciya, ba bayan balaga ba. Yaro mai ƙiba da tasa ta nutse a kitse yawanci lafiyarsa lau. Wanda ya kai 14 babu alamar balaga, shi ma a duba shi.

Ta wasiƙa ba zan iya auna ka ba, kuma alƙaluman nan na taron jama'a ne. Yi awon ja yadda na kwatanta, sau biyu ko uku a ranaku daban-daban, ka ɗauki matsakaici. In ya faɗa tsakanin 10 da 16, kana inda maza tara cikin goma suke, sai ka mayar da hankali kan tumbin. In ya gaza 8, ko 'ya'yan marainanka ƙanana ne ƙwarai, ko gemu da gashin mara sun ƙi fitowa, ko nono ya fito maka, ko ka daina samun miƙewar asuba, ko akwai lanƙwasa mai ciwo, ka nemi likitan mafitsara a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Na Bauchi kuma akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Za a duba ka, a auna suga da hawan jini, in da buƙata a ɗebi jinin testosteron, wanda da safe ake ɗibarsa kafin ƙarfe 11 domin a lokacin ya fi yawa a jini. Tunda za ku je gwajin jinin aure, sai ka haɗa tafiyar, ka kuma tafi da duk kwalbar da mai maganin nan ya ba ka a ga abin da ke ciki.